Tarihin Rubuta Raujin Waƙar Hausa, Daga Alƙalami Zuwa Kwamfuta: Abin Lura Daga Ƙasar Kafur

Tun da manhajojin rubuta kiɗa suka yi araha, har waɗansu suka zama kyauta ga duk mai kwamfuta, malaman kwalejojin horon malamai su ke ta tambaya ko lokaci ya yi da za a zauna a rubuce raujin waƙoƙin Hausa, kamar yadda Turawa suka rubuce nasu. Tambayar tana bisa hanya, kuma akwai gaggawa a cikinta. Amma kafin malami ya buɗe manhaja ya kamata ya san an daɗe ana gwada wannan aiki, ya kuma san alamomin da zai tarar a ciki waɗansu mutane ne suka ƙago su domin irin nasu kiɗan. Nufina a wannan takarda shi ne in bi sawun wannan tarihi, in auna shi a kan waƙoƙin ƙasa guda, watau Kafur da kewayenta.

Kafur tana kudancin Jihar Katsina, maƙwabciyar Malumfashi, cikin yankin noman da ya miƙa har Bakori da Funtuwa. Ƙasa ce ta dawa da masara da auduga, saboda haka kiɗan da ya fi zama nata shi ne kiɗan aiki. A wurin gayya makaɗin gangar noma ya kan bi samari kunya kunya, yana kaɗa wa kowa takensa, bugun ganga yana faɗawa tare da saran fartanya. A cikin gida kuwa akwai waƙar niƙa, da luguden daka, da waƙar daɓe. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan aikinta ne ya ke ɗauke da ita, to ga shi aikin yana ƙarewa. Garmar shanu da tarakta da maganin feshin ciyawa sun rage gayya, injin niƙa ya kwantar da dutse, siminti ya kori madaɓi.

Makaɗan da suka yi suna sun sami mai ajiye musu murya. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya yi ƙuruciya a Bakori, ya zauna a Funtuwa, ya rasu a 1999, waƙoƙinsa suna nan a faifan garmaho da kaset da taskar gidan rediyon Kaduna, yanzu kuma a wayar kowa. Makaɗin noma na ƙauyen Gozaki ko Mahuta bai sami wannan gata ba. In ya mutu ɗansa bai gaje shi ba, takensa ya tafi ke nan.

ABIN DA RUBUTUNMU YA KE BARI A BAYA

Ilmin auna waƙa tsoho ne a ƙasar Hausa. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara aruli, ya ba kowane bahari ma'auninsa, kuma malamanmu na ajami sun riƙe wannan ilmi da kyau, suka yi waƙoƙin Hausa a kan ma'aunansa. A Bagadaza an wuce nan. Safiyuddin al-Urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya rubuta rauji kansa, yana sa haruffan abajada su tsaya a madadin sautuka, lambobi kuma su nuna tsawon kowane sauti. Malamanmu sun san abajada sarai, da ita su ke ƙulla ramzin shekara a ƙarshen waƙa, amma muryar da za a rera waƙar da ita sai suka bar ta ga baki da kunne. Almajiri ya ji daga malaminsa, ya riƙe, ya ba na bayansa.

Boko ma haka ya zo da nasa giɓin, har ya fi na ajami faɗi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma mai bambanta dogon wasali da gajere. Kalmar wuya in ta fara sama ta sauka ƙasa, gaɓar jiki ce. In ta fara ƙasa ta hau sama, wahala ce. Kukan yaro sama ya ke daga farko har ƙarshe, kukar miya kuwa sauka ta ke yi. Gado na kwanciya gaɓarsa ta farko gajera ce, gado na magada doguwa. Ajami yana nuna tsawon wasali, ba ya nuna kari. Bokon yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya, mai karatu ne ya ke cika su daga abin da ya sani. Sai a ƙamus, kamar na Bargery na 1934, a ke samun alamun duka biyu. Na jawo wannan ne domin mai karatu ya ga cewa Bahaushe ya riga ya saba da rubutun da ya ke tuni kawai, wanda ba ya amfani sai ga wanda ya san maganar tun da fari. Rubutun kiɗa ma irinsa ne, ko da ya ke masu koyar da shi ba su cika faɗin haka ba.

LAYUKA BIYAR DA ƊAKUNANSU

Rubutun kiɗan da ke cikin manhajojin yau asalinsa waƙoƙin ibada ne na Turai. Wajen shekarar 1025 wani malamin coci a Italiya, Guido na garin Arezzo, ya daidaita dabarar jan layuka a kwance, a ɗora ɗigo a kan layi ko tsakanin layuka, ɗigon da ya fi bisa shi ne sautin da ya fi tashi. Daga baya layukan suka tsaya a biyar, aka ƙago siffofin ɗigo masu nuna tsawon sauti, aka fara buga littattafan kiɗa da ɗab'i, kamar na Petrucci a Banis a 1501. A ƙarni na 17 ne ya zama al'ada a riƙa gitta layi a tsaye yana yanka kiɗa ɗaki ɗaki, kowane ɗaki da adadin bugu ɗaya, bugun farko kuma shi ne mai ƙarfi. Tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama, wadda zan kira zango, ita kuma aka raba ta kashi 12 daidai wa daida, kamar yadda ta ke a piyano.

Wani reshe na wannan rubutu ya iso ƙasar Kafur tun kafin kwamfuta. A Ingila, cikin shekarun 1840, John Curwen ya gyara wata hanya da Sarah Glover ta fara, wadda ba ta bukatar layuka, sai haruffa d, r, m, f, s, l, t, da ɗigo da waƙafi. Da ya ke kowace maɗaba'a tana iya buga ta, Turawan Mishan suka yaɗa ta a Afirka, kuma har yau da ita ƙungiyoyin mawaƙa da yawa na coci-cocin Nijeriya su ke koyon waƙa. Yankin Malumfashi da Kafur yana da Hausawa Kirista masu yawa, saboda haka malamin da ke neman wanda ya iya karanta rauji a takarda, a nan zai fi saurin samunsa. Sai dai waɗannan waƙoƙi sun nuna wata matsala tun da wuri. Raujin da yawa daga cikinsu na Turai ne, kalmomin Hausa aka ɗora a kai, sai ka ji rauji ya hau inda kalma ta ke sauka, ko ya ja gajeren wasali ya mai da shi dogo. Kunnen Bahaushe ya kan gane nufin saboda sabo, amma ya san an taka harshen.

Masanan Turai da kansu sun lura layukansu ba su ɗaukar kiɗan kowa. A Barlin, inda aka kafa taskar faifan muryoyi a 1900, Otto Abraham da Erich von Hornbostel suka fitar da shawarwari a 1909 na ƙarin alamu, domin nuna sautin da ya ɗan ɗara na piyano ko ya ɗan gaza, da muryar da ta ke zamewa daga sauti zuwa sauti. A 1958 Charles Seeger na Amurka ya raba rubutun kiɗa gida biyu: akwai wanda ya ke umurtar makaɗi abin da zai kaɗa, akwai wanda ya ke ba da labarin abin da wani makaɗi ya kaɗa a wata rana. A ganina wannan rabo shi ne abu mafi amfani da malami zai riƙe. Layuka biyar an yi su domin aiki na farko ne, mu kuwa na biyu mu ke nema.

Katangar ɗaki ita ta fi ba masu nazarin kiɗan Afirka wahala. A. M. Jones, a littafinsa na 1959, ya ba kowace ganga nata katangu dabam, har shafi ya zama da wuyar karantawa, kuma an soke shi a kan haka daga baya. James Koetting a 1970 ya bar layukan gaba ɗaya, ya jera 'yan akwatuna, kowane akwati bugu ɗaya mafi ƙanƙanta, inda gula ta sauka a sa alama, inda ba ta sauka ba a bar shi wofi. Hanya ce mai sauƙi, ɗan makarantar firamare ma ya iya ta da allo da alli.

WAƊANDA SUKA GWADA A ƘASAR HAUSA

Joseph Greenberg, a 1949, ya nuna ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa yana kan nauyin gaɓa ne, watau gaɓa mai nauyi da marar nauyi, irin na aruli. M. G. Smith ya yi bayanin roƙo da matsayin maroƙa a 1957, amma zamantakewa ya duba, bai taɓa rauji ba. Wanda ya sa kunne ga kiɗan ƙasar Katsina sosai shi ne Anthony King, wanda ya buga nazarin kirarin bori na Katsina a 1966, sa'an nan shi da David Ames, wanda ya yi nasa binciken a Zariya, suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Darajar wannan littafi ita ce sun tattara sunayen da makaɗa da kansu su ke kiran kayansu da sassan kiɗansu. Fremont Besmer ya yi irin wannan aiki a fadar Kano, ya buga nazarin kiɗan daren salla a 1974.

Malamanmu na gida hanyarsu dabam. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da kusan kowane sashen Hausa ya ke bi, da kalmominta irin su gindin waƙa da ɗiya da rauji. An ci riba mai yawa ta wannan hanya wajen turke da salo da tarihin makaɗa. Amma mu faɗi gaskiya, a yawancin kundayen ɗalibanmu rauji sakin layi ɗaya ya ke samu, a ce yana da daɗi, yana tashi yana sauka, a wuce. Ɗalibin da ya cika shafi hamsin a kan salon mawaƙi ba ya iya nuna a takarda inda amshi ya ke shigowa a cikin kiɗa.

Abubuwa biyu daga binciken masana harshe sun shafi mai rubuta rauji kai tsaye. Paul Richards, a 1972, ya ƙidaya hawa da saukar rauji a wata waƙar Hausa ya gwada da karin kalmominta, ya tarar suna tafiya tare fiye da yadda dace kawai zai kawo, amma ba a kowane wuri ba. Mawaƙi yana girmama kari, yana kuma da ikon saɓa masa. Bruce Hayes da Russell Schuh kuwa, a nazarinsu na 2019 a kan baharin rajazu, sun nuna ma'aunin baiti abu ɗaya ne, tafiyar kiɗan da a ke rera shi da ita wani abu ne, har mawaƙa biyu su kan rera bahari ɗaya da tafiya iri biyu. Ashe ke nan shafin da ya nuna rauji bai nuna kari da nauyin gaɓa ba, ya ɓoye ainihin wurin da gwanintar mawaƙi ta ke.

Kada kuma a manta makaɗa suna da tasu hanyar riƙe kiɗa. Take magana ce da ganga ta ke faɗi. Mai kalangu ya kan matse tsarkiya a hammata sauti ya tashi, ya sassauta ya sauka, yana bin karin kalmomi, kuma da waɗannan kalmomi ya ke koya wa yaronsa. Duk wanda ya rubuta bugun take bai rubuta maganarsa ba, ya yar da mabuɗin da mai abin ya ke amfani da shi.

ZUWAN MANHAJA, DA YADDA ZA A FARA

Leland Smith ya fara koya wa kwamfuta zana alamun kiɗa a Jami'ar Stanford tun 1967. Finale ta fito a 1988, Sibelius a 1993 daga hannun tagwaye Ben da Jonathan Finn na Ingila, Dorico a 2016. Wadda ta fi dacewa da aljihun kwalejojinmu ita ce MuseScore, domin kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta bukatar intanet. Fitowarta ta farko cikakkiya a 2011 ne, ta huɗu a 2022. Dukansu alƙalami ne mai kyan rubutu wanda kuma ya ke iya kaɗa maka abin da ka rubuta. Sauraro da fahimta suna nan a wuyan malami.

Da ka nemi sabon shafi, manhaja za ta tambaye ka kayan kiɗa, da matakin da waƙar ta zauna a kai, da yawan bugu a kowane ɗaki, da saurin tafiya. Tarihin da na kawo duka yana cikin waɗannan tambayoyi, kuma wanda ya amsa su da garaje ya riga ya yanke wa waƙar hukunci kafin ya saurare ta. Saboda haka shawarata ita ce manhaja ta zo daga ƙarshe. A fara da ɗaukar murya a wurin da a ke yin abin, a gona ko a tsakar gida, ko da da waya ce. Sa'an nan a rubuta kalmomi gaɓa gaɓa, a sa wa kowace alamar kari da ta tsawo. Bayan haka a nemi bugun da ba ya sākewa. A kiɗan noma saran fartanya ne zai nuna shi, a lugude taɓarya, a waƙar Shata kuwa amshi da ƙananan gangunan da ke riƙe tafiya. A zana shi da akwatunan Koetting a takarda, a tafa shi a gaban makaɗin har ya yarda haka ne. A nan ne za a san ko kowane bugu biyu ya ke rabuwa ko uku, ba a cikin jerin da manhaja ta miƙo ba.

In an zo shigarwa, amshi ya kamata a fara da shi, domin shi ne ya ke dawowa kusan yadda ya ke. Ɗiyan waƙa su kan sāke daga rana zuwa rana, jagora ya kan shigo kafin amshi ya ƙare, ya ja wata gaɓa, ya haɗiye wata. Wanda ya rubuta ɗa guda sai ya rubuta a kansa cewa na rana kaza ne a wuri kaza, kada ɗalibi ya ɗauka dokar waƙar ke nan. MuseScore tana karɓar kalmomi a ƙarƙashin ɗigo, gaɓa ɗaya ga ɗigo ɗaya, tana karɓar ɓ da ɗ da ƙ da alamun kari, saboda haka babu hujjar barin su. Tana kuma yarda a ɓoye katangun ɗaki, a rage layuka. Gangar noma layi ɗaya ya ishe ta. Kalangu kuwa na fi son a ba shi layi biyu ko uku, sama da ƙasa da tsakiya, a ja ɗan layin zamiya inda sauti ya ke sulalewa, a rubuta maganar taken a ƙasa. Ɗora kalangu a kan layuka biyar yana sa mai karatu ya zaci sautukansa tsayayyu ne kamar na piyano.

Akwai tarko guda da ya kamata a yi wa ɗalibai kashedi a kansa, watau maɓallin saurare. Manhaja za ta kaɗa abin da aka rubuta da sautuka 12 na piyano, da bugu mai daidaito irin na agogo. Waƙoƙinmu da yawa a kan sautuka biyar su ke tafiya, kuma tazararsu ba lalle ta faɗa daidai kan ta piyano ba. Har wa yau maganar Hausa gangarowa ta ke yi, sautin sama na ƙarshen doguwar jimla ya kan yi ƙasa da sautin ƙasa na farkonta, kuma waƙoƙin da ke kusa da magana, kamar kirari, su kan ɗauki wannan gangare. Ɗalibi in ya saurari na'ura sau goma sai kunnensa ya koma wajenta, ya fara jin kamar tsohuwar da ta rera waƙar niƙa ce ta kauce. Maganin wannan shi ne a auna muryar da Praat, manhajar kyauta da Paul Boersma da David Weenink suka yi a Jami'ar Amsterdam domin nazarin furuci, wadda ta ke zana hawa da saukar murya kamar yadda suka faru. Inda zanen ya saɓa da ɗigo, a sa alama irin ta Abraham da Hornbostel, a bar muryar a kan gaskiyarta.

Sauran magana ita ce ajiya. A watan Agusta na 2024 kamfanin MakeMusic ya ba da sanarwar ya daina gyara Finale da sayar da ita, bayan shekara 36, sai mutanen da suka tara aikin rayuwarsu a cikinta suka shiga neman hanyar kwashe shi. Abin da ya cece su shi ne MusicXML, wani tsarin fayil da ya fito a 2004 wanda manyan manhajojin nan duka su ke karantawa. Kwalejin da za ta fara wannan aiki a Kafur ko Malumfashi sai ta ajiye kowace waƙa ta wannan tsari, ta buga ta a takarda, ta haɗa da muryar da aka ɗauko, a fiye da wuri ɗaya. A kan takardar a rubuta sunan makaɗi da na wanda ya koya masa, da garinsu, da ranar da aka ɗauka, da irin aikin da a ke yi sa'ad da a ke kiɗan. A nemi yardarsa kafin a ɗauka, a biya shi kamar yadda a ke biyan makaɗi, a kuma kai masa kofi ɗaya na muryar. Lokacin da ya fi dacewa da fita shi ne tsakiyar damina, sa'ad da a ke maimai da huɗa, domin a nan ne in akwai sauran gayya a ƙauye za a same ta, da makaɗinta a bayan samari.